TRAMOL A ƘASAR GURE: ƘARFIN ARO DA JIKI KE BIYA

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Damagaram ta nufi Difa, in ya ci kilomita 160 da ƴan kai sai ya iske Gure, babban garin ƙasar Muniyo. Ƙasa ce ta jigawa da duwatsu da kwaruruka, inda abinci ba ya samuwa sai da gumi: noman hatsi a rairayi, jan ruwa a rijiya mai zurfi don shayar da raƙuma da shanu, haƙar kanwa da aikin garka a cikin kwari, dako a tasha da kasuwa, da tuƙin kabu-kabu tun safe har dare. A cikin irin wannan wahala ne wata ƴar ƙwaya ta samu wurin zama, kamar yadda ta samu a sauran garuruwan Nijar da na maƙwabtanmu. Sunanta a wurin likita tramadol, amma a tasha kowa tramol ya sani.

Masu shanta sun ce tana ba da ƙarfi, tana kashe gajiya, tana sa a manta da yunwa. Iyaye kuwa abin da suke gani shi ne yaro ya rame, ya yi zafin rai, wata rana kuma ya faɗi yana shure-shure. Don a gane inda gaskiya take, yau za mu bi wannan ƙwaya tun daga baki har wurin da take aikinta, mu ga abin da masana suka gano a can.

DANGIN OFIYOM

Tramol ƴar gidan ofiyom ce. Ofiyom kuwa ƙaro ne da ake tatsa daga kwanson wani fure da ake nomawa a ƙasashen Asiya, mutane sun yi shekaru dubbai suna kashe ciwo da shi. A farkon ƙarni na 19 wani matashin mai haɗa magani a Jamus, Friedrich Sertürner, ya ware sinadarin da ya fi ƙarfi a cikinsa, wanda ake kira morfin. Kodin, wanda ke cikin wasu magungunan tari, shi ma daga can ya fito. Hirowin kuma daga morfin ake sarrafa ta. Ita tramol ba daga tsiro ta fito ba: kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya harhaɗa ta a shekara ta 1962, aka fara sayar da ita a 1977 da sunan Tramal. Duk da bambancin asali, abin da ya haɗa su dangi shi ne wuri ɗaya suke sauka a cikin jiki.

KWAƊO DA MAKULLI

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita. Masana na ce musu ƙwayoyin halitta, amma don kada mu rikita su da ƙwayar da ake haɗiya, a nan za mu riƙa kiransu ɗakuna, tun da kowanne yana da bango da ƙofofi da masu aiki a cikinsa. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana da ɗakunan jijiya wajen miliyar 86. Suna magana da junansu ta hanyar fesa wasu sinadarai: wannan ya fesa, na gabansa ya karɓa, shi ma ya miƙa gaba. In ƙaya ta soki manomi, haka saƙon yake tafiya daga tafin ƙafa zuwa lakar gadon baya, daga nan zuwa ƙwaƙwalwa, sa'an nan mutum ya ji zafi.

An daɗe ana zaton cewa morfin tana da wani wuri na musamman da take kamawa a bangon waɗannan ɗakuna, kamar yadda makulli ke shiga kwaɗonsa. A shekara ta 1973 aka tabbatar da haka. Candace Pert da malaminta Solomon Snyder a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, da Eric Simon a birnin Niyok, da Lars Terenius a ƙasar Suwidin, kowannensu ya nuna wannan kwaɗo a ƙwaƙwalwar dabbobi. Daga baya aka gane cewa manyan kwaɗunan iri 3 ne, aka sa musu sunayen baƙaƙen Girkanci: «miyu», «delta» da «kappa».

Nan take wata tambaya ta taso. Me ya kawo kwaɗon ƙaron wani fure a cikin kan mutum? Ai ba a yin kwaɗo sai da makullinsa. A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz, a garin Abadin na ƙasar Sikotlan, suka tsamo amsa daga ƙwaƙwalwar alade: jiki da kansa yana ƙera ƴan sinadarai masu aiki irin na morfin, suka sa musu suna enkefalin. A 1976 kuma wani masani a Kalifoniya, Choh Hao Li, ya fid da wani wanda ya fi su tsawo da ƙarfi, aka kira shi beta-endorfin. Makiyayan Gure da Tasker za su so su ji inda ya same shi: a cikin wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar raƙumi. Ashe Ubangiji ya halicce mu, mu da dabbobinmu, da maganin ciwonmu a cikin jiki, wanda ke fita daidai gwargwado lokacin rauni ko aiki mai tsanani, ya yi aikinsa, jiki ya narkar da shi nan da nan.

Bincike bai tsaya nan ba. A 1992 Brigitte Kieffer a Sitirasbur ta Faransa, da Christopher Evans a Amurka, suka gano tsarin gadon da ke gina kwaɗon «delta». A 1996 Kieffer da abokan aikinta suka samar da ɓeraye waɗanda aka cire wa kwaɗon «miyu», aka ba su morfin. Ba ta kashe musu ciwo ba, ba su yi marmarinta ba, kuma da aka yanke musu ita ba su wahala ba. Darasin da ke nan babba ne: sauƙin ciwo, da daɗi, da kamu, duk ta kwaɗo ɗaya suke shiga. A 2012 ɗakin binciken Brian Kobilka a jami'ar Stanford ya fid da cikakkiyar siffar wannan kwaɗo, wanda furotin ne mai kama da igiya da ta ratsa bangon ɗaki sau 7, da ɗan rami a waje inda makulli ke zama. A wannan shekara ce Kobilka da Robert Lefkowitz suka samu kyautar Nobel saboda aikinsu a kan irin waɗannan kwaɗuna.

IN MAKULLI YA JUYA

Da zarar makulli ya zauna a raminsa, sai kwaɗon ya sake siffa, ya zunguri wani ɗan aike da ke maƙale da shi ta cikin ɗaki, wanda ake kira furotin G. Ɗan aiken nan ayyuka 3 yake yi. Na farko, yana rufe ƙofar da sinadarin kalsiyom ke shigowa, alhali sai da kalsiyom ɗaki ke iya fesa saƙonsa. Na biyu, yana buɗe ƙofar da fotasiyom ke fita, sai ɗakin ya yi sanyi, ya yi wuyar tashi. Na uku, yana rage aikin wani inji na cikin ɗaki mai ƙera sinadarin da ake taƙaita sunansa da cAMP, wanda shi ke zaburar da ma'aikatan ɗakin. Taƙaitawa dai, ɗakin yakan yi shiru.

Inda aka yi wannan shiru shi ke nuna abin da mutum zai ji. In a lakar gadon baya ne, saƙon ciwo ba ya hawa. In a hanji ne, hanji ya daina motsi, ciki ya ɗaure. Baƙin ido kuma yakan tsuke ya koma kamar kan allura. A tsakiyar ƙwaƙwalwa kuwa akwai ɗakunan da ke fesa dofamin, sinadarin da ke gaya wa mutum cewa abin nan da ya yi yana da kyau, ya sake. Waɗannan ɗakuna suna da masu riƙe musu akala, wato wasu maƙwabtansu masu fesa sinadarin GABA. In ƙwaya ta sa masu riƙe akala suka yi barci, sai dofamin ya kwarara fiye da abin da abinci ko wata ni'ima ta halal ke kawowa, ƙwaƙwalwa kuma ta rubuta wannan a littafinta.

To, ina ƙarfin? Mu duba da kyau: a duk abin da muka lissafa babu inda aka ƙara wa tsoka ko jini wani abu. Gajiya da ciwon baya masu gargaɗi ne da jiki ke aikowa don a huta, a sha ruwa, a ci abinci. Ƙwaya bakin mai gargaɗin take rufewa. Mai dako yana ta ɗaukar buhu, ƙashinsa da tsokarsa na ci gaba da lalacewa, labarin ne kawai ba ya isa gare shi.

HANTA CE KE WASA MAKULLIN

Tramol tana da wasu halaye 2 da suka bambanta ta da morfin, kuma ya kamata kowa ya san su.

Na farko, yadda aka haɗiye ta ba ta iya kama kwaɗon «miyu» sosai, makulli ce da ba a gama ƙerawa ba. Sai ta biya ta hanta, inda wani maƙeri mai suna CYP2D6 ke gutsure mata wani ɗan yanki, ta zama sabon sinadari da ake kira M1, wanda ya fi ta kama kwaɗon sau ɗaruruwa. Wannan maƙeri kuwa gado ne, kuma ba ɗaya yake ga kowa ba. Wani nasa mai nawa ne, wani ba shi da shi sam, wani kuma ya gaji guda 2 ko fiye. An auna cewa Turawa 5 zuwa 10 cikin 100 nasu ba ya aiki, a ƙasar Habasha kuwa wajen mutum 29 cikin 100 nasu mai saurin gaske ne. Ke nan abokai biyu za su iya raba sashe ɗaya, wannan ya tashi ya kama aiki, wancan numfashinsa ya sarƙe. Ba a gane mai saurin hanta a fuska. Wanda ya ce wa ɗan'uwansa ya sha ba kome, tun da shi ya sha bai ga kome ba, da hantarsa ya yi awo, ba da ta ɗan'uwan ba. Kodin ma ta hannun wannan maƙeri yake bi kafin ya zama morfin.

Na biyu, tramol tana hana ɗakunan jijiya kwashe wasu sinadarai 2 bayan sun fesa su, wato serotonin da noradirenalin, sai su taru su yi yawa. Daga nan ne wartsakewa da rashin barci da ɗaukewar yunwa suke zuwa, abin da masu sha ke kira ƙarfi. Ita ce kuma ta fi sauran danginta jawo farfaɗiya, kuma haɗarin na ƙaruwa da yawan abin da aka sha. Sau da yawa in saurayi ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa ko a kan babur, akan ce iskoki ne, alhali abin yana cikin aljihunsa.

Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum, kuma ƴar kwanson da aka saba bayarwa mai miligiram 50 ce. Wadda ake sayarwa a ɓoye kuwa akwai mai 120, da mai 225, har da mai 250. Guda 2 na mai 225 sun riga sun haye iyakar yini gaba ɗaya.

YADDA BASHI KE TARUWA

Ɗakin jijiya ba ya yarda a rufe masa baki kullum. In makulli ya daɗe cikin kwaɗo, sai wasu ma'aikata su sa wa kwaɗon alama, wani furotin mai suna arestin ya zo ya raba shi da ɗan aikensa, wani lokaci ma a janye kwaɗon zuwa cikin ɗaki. Shi ya sa guda ɗaya da ta isa mutum bara, bana sai 3 ko 4.

Har wa yau, ɗakin yakan ƙara yawan injunan da ke ƙera cAMP don ya rama abin da ƙwaya ke danne masa. Shail Sharma da Werner Klee da Marshall Nirenberg sun ga haka tun 1975, a ɗakunan jijiya da suka raina cikin faranti a Amurka: da aka daɗe ana zuba musu morfin sai cAMP ya koma daidai, da aka janye ta sai ya yi tsalle ya wuce misali. Kamar mai jan guga ne da ya jingina da dukan ƙarfinsa, igiya ta tsinke, ya faɗi da baya. Abin da ke samun mai shan tramol ke nan ranar da bai samu ba. Wani ɗan gungun ɗakuna a gindin ƙwaƙwalwa, mai fesa noradirenalin, yakan ɓarke da aiki, sai ga hamma, hawaye, majina, gumi, tashin tsikar jiki, ciwon gaɓoɓi, amai da zawo, rashin barci da fargaba. A wannan mataki mutum ya daina sha don daɗi, yana sha ne don ya iya tashi daga tabarma. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wannan kuwa aro ne da ake biya da kuɗi, da lafiya, da mutunci.

INDA AJALI YAKE

A gindin ƙwaƙwalwa akwai wasu ɗakuna da aikinsu shi ne kaɗa gangar numfashi, ko mutum yana barci. Su ma suna ɗauke da kwaɗon «miyu». In ƙwaya ta yi yawa sai kiɗan ya yi sanyi, har ya tsaya. Haɗarin na ninkuwa in an gama ta da giya, ko da ƙwayoyin barci irin su diyazefam, ko da maganin tari mai kodin. Akwai kuma tarko ga wanda ya daina na ƴan makonni, saboda jinya ko zaman kaso: ɗakunansa sun koma kamar na sabon shiga, in ya koma kan adadin da ya saba yana iya zama na ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum wajen 125.000 suka mutu a duniya ta hanyar shan dangin ofiyom fiye da kima.

Alamomin 3 ne: mutum ba ya farkawa, numfashinsa ya yi nisa da juna, baƙin idonsa ya tsuke. A kwantar da shi a kan haƙarƙarinsa, kada a ɗura masa madara ko ruwa, kada a cusa masa kome a baki in yana shure-shure, a garzaya da shi asibiti, a faɗa wa ma'aikata gaskiyar abin da ya sha. Akwai allura mai suna nalokson, makulli ce da ke shiga kwaɗon ta fid da ƙwaya ba tare da ta juya shi ba. Tana maido da numfashi, sai dai aikinta ba ya wuce minti 30 zuwa 90, kuma ba ta tsai da farfaɗiyar tramol. Saboda haka ko mutum ya farfaɗo, zama ƙarƙashin idon likita wajibi ne.

HAR SHANU DA ITATUWA

Ga wani labari da zai nuna yadda abin ya yaɗu. A 2013 wasu masana na Girenobul a Faransa suka ba da sanarwar cewa sun samu tramadol a saiwar itacen tafashiya da aka haƙo a Kamaru, har aka yi ta murna cewa daji ma yana ƙera ta. A 2014 Michael Spiteller da abokan aikinsa na jami'ar Dortmund a Jamus suka bi sawu, suka iske cewa a arewacin Kamaru mutane na sha, suna kuma bai wa shanun aiki don kada su gaji. Shanun na fitsari a inuwar itatuwa, saiwa na tsotsewa. Sun same ta har cikin ƙasa da ruwa. Mai amalanke da mai garmar shanu su lura: kwaɗon da ke kan mutum yana kan sa da jaki da raƙumi. Dabbar da ba ta jin gajiya ba ta tsayawa sai ta faɗi.

TA INA TAKE SHIGOWA?

Mafi yawanta daga Indiya ake ƙero ta, ta sauka a tashoshin jiragen ruwa na bakin teku, ta hauro arewa. A watan Disamba na 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce abin da ake kamawa a shekara a Afirka kudu da Sahara ya tashi daga kilo 300 zuwa sama da tan 3 tun daga 2013. A watan Satumba na 2017 an kama sama da ƙwaya miliyon 3 a nan Nijar, cikin kwalaye masu tambarin Majalisar. A 2018 Indiya ta tsananta dokar fid da tramadol, Najeriya kuma ta hana maganin tari mai kodin. Sai ƴan fasa-ƙwauri suka sake salo. A watan Fabrairu na 2025 binciken BBC ya tona yadda ake shigo da wasu ƙwayoyi irin su Tafrodol, gamin tafentadol da wani maganin sake tsoka, Indiya kuma ta hana wannan gami. Tafentadol ba ya jiran hanta, kai tsaye yake kama kwaɗon. Wanda ya saya a faranti ko a ƙarƙashin tebur bai san abin da ke cikin sashen ba.

KADA A HANA MAI CIWO

Duk da haka, tramadol magani ne, kuma akwai masu buƙatarsa ta gaskiya: wanda aka yi wa aiki, wanda ya karye, mai ciwon daji, da mai sikila in ciwonsa ya tashi. Morfin ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasashenmu. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa daga tan kusan 300 na irin waɗannan magunguna da ake rabawa a duniya kowace shekara, kilo 100 kacal ke isa ƙasashe matalauta. Aikin ƴan duwan da jandarmomi da hukumar OCRTIS shi ne tare ta ɓoye. Aikin likita da farmasi shi ne bayar da ta halal, da takarda, da awo, na ƴan kwanaki.

Saura namu aikin, mu iyaye da malamai da sarakuna da masu ɗaukar ƴan ƙwadago. Wanda ya kamu, ɗakunan jijiyarsa ne suka sake tsari. Duka da ɗauri da gori ba sa maido da su. Abin da ke maido da su shi ne lokaci, da rage ƙwayar sannu-sannu ƙarƙashin kulawar likita, domin yankewa farat ɗaya wahala ce da takan maida mutum ruwa. Wahalar jiki takan lafa cikin mako ɗaya ko biyu, marmari kuwa yakan ɗauki watanni, a nan ne ake buƙatar dangi da sana'a da abokan kirki. A kai shi asibitin Gure ko babban asibitin Damagaram ba tare da jin kunya ba. Mai gona da mai mota kuma su daina ɗora wa yaro aikin mutum 2 a yini ɗaya, don sau da yawa nan ne ƙwayar farko ke samun ƙofa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.